Shekarar da Na Cire Turken Alƙali

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan ƙanena Isiyaku da kuka tashi a hannuna, na san abin da kuka ji game da mutuwar kalankuwar garinmu. Wasu sun ce muku wa'azi ne ya kashe ta, wasu sun ce samari ne suka koma kallon waya suka bar fage. Na kuma san abin da kuka ji game da Isiyaku, cewa mutum ne mai baƙar zuciya da ya kashe amininsa a kan dawa. Shekara da shekaru ana faɗar waɗannan maganganu a gabana ina gyaɗa kai, domin sun rufa mini asiri. Yanzu ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, likita ya raba ni da gishiri, kuma babu sauran mutumin da nake tsoron ya ga aibina. Zan rubuta yadda aka yi. Ku karanta a nutse, kada wanda ya tsallake layi don ya ga sunan ubansa.

Kalankuwa wasan bayan girbi ne, kusan kowane gari a ƙasar nan ya taɓa yin tasa, amma tamu ta fita daban domin ba ta da mai gayya. Kakanmu ya ce a ƙuruciyarsa wani dagaci ya shirya biki a ƙofar gidansa, ya zaɓi makaɗan da yake so, ya sallami sauran. Waɗanda aka sallama suka ƙi komawa gida da ganguna a rataye. Suka fita bayan gari gindin ɗorawoyi, kowa ya buga turke a ƙasa ya fara abin da ya iya, kafin la'asar jama'a duk sun bar dagaci da makaɗansa sun koma can. Daga wannan shekara abin ya zauna: ba a gayyatar kowa, ba a korar kowa. In ka zo da turkenka ka buga, wurin ya zama fagenka har kwana uku, ko sarki bai isa ya ce ka matsa ba. A lokacin da na yi wayo filin ya cika har ya tumbatsa zuwa bakin rafi. 'Yan dambe na zuwa daga Rogo Ruma, masu kalangu daga Karaye, 'yan tauri daga Falgore, ga 'yan kama da mai wasa da kura, ga mata can gefe da shantu, maƙera da masaƙa sun baza kayansu a tsakani. Akwai wani bawan Allah da yake zuwa duk shekara da gurminsa mai tsirkiya ɗaya, muryarsa kamar ana jan ƙofar langa-langa. Awaki kaɗai ke tsaya masa, amma har ya bar duniya ba wanda ya taɓa turkensa.

Sai dai abin da ya riƙe kalankuwa ba kiɗa ba ne, kotun wasa ce. Ranar ƙarshe bayan azahar ake zaman ta a tsakiyar fili, kuma ba a taɓa ɗaukar alƙalinta daga cikinmu ba. Daga ƙasar Zazzau yake zuwa, nan tsallaken iyaka, domin kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa. Bazazzagi ya zage ka tas a gaban surukinka, dariya za ka yi, zaginsa ba ya kama jiki. Idan mutum biyu suka saɓa a cikin shekara, irin saɓanin da ya fi ƙarfin a share amma bai kai a je gaban hukuma ba, sai kowannensu ya aika wa alƙalin da zangarniyar dawa ɗaya da goro. Shigar da ƙara ke nan. Ranar zama sai ya kifa turmi ya hau, ya naɗa rawanin tsumma, ya kira su gaba. Zai kwaikwayi tafiyarsu, ya tono rowar kakanninsu, ya yi musu tatas har jama'a su riƙe ciki. A cikin wannan dariyar yake sako hukuncin gaskiya, wane ya mayar da kaza, wane ya haƙura da kaza, sannan ya sa su sha fura da ludayi ɗaya, ko ɗaya ya goya ɗaya su zaga fili. Ba wanda zai koma gida a ce an ci shi, don duk an sha dariyarsu daidai. Ina yaro na ga mahaifinmu, ɗan gidan sarauta guda, ya goya Sarkin Fawa wanda ya ninka shi jiki, suka faɗi tare a cikin ƙaiƙayi. Daga ranar har suka mutu ba a sake jin kansu ba.

A zamanina alƙalin shi ne Baba Tanko, wani siririn tsoho mai saƙar tabarma, wanda ya gaji turmin daga kawunsa. Ni kuwa kun san ni. Na yi aiki a ofishin ƙaramar hukuma a Karaye har na yi ritaya, shi ya sa gari ke ce mini Akawu. Ina son komai a jere, ina son a fara abu a kan lokaci, kuma ban iya a yi mini dariya ba. Wannan na ƙarshen ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma Baba Tanko ya gano shi tun ganin farko. Duk inda muka haɗu sai ya ɗaga murya ya ce ga bawansa Bakano. Shekarar da ta gabaci wadda nake ba ku labari, ba ni da ƙara a gabansa, amma ya soka karare uku a aljihun gaba kamar yadda nake jera birona, ya tura ciki gaba, ya yi irin tafiyata yana duban agogon da babu a hannunsa. Filin nan ya ɗauka gaba ɗaya. Na yi dariya tare da su, amma na yi wata guda abin yana ci na.

Da shekara ta zagayo, labarin kalankuwarmu ya riga ya kai birni. Aka aiko cewa manyan baƙi za su zo daga Kano ranar rufewa, har da masu ɗaukar hoton talabijin. Abin da bai taɓa sanin kwamiti ba sai ga shi da kwamiti, ni ne sakatare, kuma in gaskiya za a bi ni ne kwamitin duka, sauran sai dai su ce haka ne. Na sa aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka ɗauko lasifika. Na zauna na tsara jadawali, wane zai yi minti kaza a gaban baƙi, wane ya biyo. A lokacin kuma baffanmu dagaci yana kwance, kowa ya san ba tashi zai yi ba, kuma ni na sa ido a kan rawanin. Cikin baƙin nan akwai waɗanda kalmarsu ɗaya za ta iya ɗora mini shi. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ban taɓa sakawa cikin labarin ba idan ina bayarwa.

A wannan daminar ne Isiyaku ya saɓa da Ɗanlami. Ɗanlami maƙwabcinmu ne a gida da gona, tare aka yi musu kaciya, shi ne abokin ango ranar auren Isiyaku, kuma tun suna yara ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Gamba ce ta raba gonakinsu tun zamanin iyaye. Da rani wuta ta cinye ta ƙurmus, da ruwa ya sauka Isiyaku ya shiga huɗa da shanu, sai Ɗanlami ya ce an shigo masa kunya biyu. Isiyaku ya ce sam, nan iyakar take. Har yau ban san mai gaskiya ba, ina jin su ma ba su sani ba. Kunya biyu ce fa, dawar da ke kanta ba za ta wuce dami ɗaya ba. Amma maganar ta riga ta fita gari. In Ɗanlami ya saki, a ce ya ji tsoron gidan sarauta. In Isiyaku ya saki, a ce ya amsa cewa gidan sarauta na cin gonar talaka. Su je gaban dagaci, baffan ɗaya ne. Su je kotun gaske, zumunci ya yanke har jikoki. Sai suka daina gaisawa, matansu suka daina aron wuta, kowa ya aika da zangarniyarsa Zazzau. Da aka yi girbi kowa ya kwashe nasa, suka bar kunyoyin nan biyu a tsaye ba wanda ya taɓa. Duk mai wucewa kasuwa yana ganin su a tsakiyar gonakin da aka share, ya san me suke jira.

Isiyaku mai saurin fushi ne, wannan ban musa ba, amma a kwanakin nan har nishaɗi ya dawo masa. Na ji shi a tsakar gida yana tsokanar matarsa cewa ta ƙara masa tuwo, don Ɗanlami ya yi ƙiba bana, in goyo ne sai an shirya. Ni kuma ina ɗaki da jadawali a gabana, ina hango abin da za a gani: ƙanena, jinin gidanmu, ya sunkuya da mutum a bayansa, Bazazzagi na tona asirin kakanninmu a lasifika, manya na kallo, ana ɗauka a kai birni. Na kuma san in ya gama da su, kaina zai dawo da kararensa uku. Na ɗauki biro na ja layi a kan kotun. A taron kwamiti na ce lokaci ba zai isa ba, baƙi za su tashi da la'asar. Suka ce haka ne.

Inna, kakarku, ita kaɗai ta ja da ni. Ni ne ɗan farinta, ba ta faɗar sunana, Akawu take ce mini kamar kowa. Ta aiko na same ta da hantsi tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago kai ba.

"Akawu, na ji wai bana ba zama."

"Inna, lokaci ne ya yi kaɗan. Baƙin nan ba kwana za su yi ba."

"Baƙin su ne suka aika da dawa Zazzau?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa:

"To su yaran nan fa? Ka bi ta gonar nan ka gani? Wata uku ɗan uwanka bai gai da Ɗanlami ba. Abin nan ya kumbura, ranar nan kaɗai suke jira a matse musu shi."

"In an gama biki zan zaunar da su da kaina."

"Kai wa? Kai yayan ɗaya ne. Duk abin da ka yanke, a bakin gari gidanku ne ya yanke." Ta ajiye faifan, ta dube ni. "Ubanka ya goya mahauci a filin nan, bai ragu da komai ba. Kai me kake da shi da dariya za ta zubar?"

Na ce mata zamani ya canja. Ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tsintar wakenta. Na aika wa Baba Tanko da takarda cewa bana a dakata. Na san bai iya karatu ba, na kuma san ko an karanta masa ba zai ɗauke ta da gaske ba, don ba a taɓa aika wa mai fage da takarda ba.

Ranar rufewa da hantsi ina kan duba kujeru sai ga shi a bayan babur, turmi ɗaure a baya, rawanin tsumman a cikin buhu. Ya sauka ya doshi tsakiyar fili, daidai gaban rumfar manya, ya ciro turkensa, wani tsohon icen kirya da hannu ya goge har yana sheƙi, ya buga shi da dutse. Jama'a suka fara taruwa suna murmushi tun bai buɗe baki ba. Da ya hango ni sai ya ɗaga hannu.

"Kai bawana Bakano! Zo ka sauke wa ubangidanka turmi. Wannan rumfuna haka, ko aure za ka ƙara?"

Aka yi dariya. Na matso kusa na rage murya.

"Baba Tanko, ba ka ga takardata ba? Bana babu kotu."

"Na gan ta, na naɗe goro da ita. Takardar Bakano ai iyakar amfaninta ke nan."

Aka sake yin dariya, wannan karon da ƙarfi. A daidai lokacin na ji jiniyar motocin baƙi daga hanyar Karaye. Ban yi shawara da kowa ba. Na sunkuya na kama turken nan da hannu biyu, na girgiza shi, na tumɓuke, na miƙa masa. Tun daga zamanin kakanmu ba a taɓa yin haka ba. Dariyar ta ɗauke kamar an rufe tukunya, har mai kalangun da ke can gefe ya tsaya. Baba Tanko ya dubi ramin, ya dubi turken, ya karɓa da hannu biyu. Sai ya rusuna mini.

"Allah ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe. Ban san an canja ba."

Shekara talatin mutumin nan yana zagina, ban taɓa jin ciwon da na ji da wannan girmamawar ba. Ya ɗaure turminsa, ya juyo ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji:

"Akwai dawa biyu a hannuna, Malam. Ka bar ni ko bayan rumfa ne, ko bayan baƙinka sun tafi."

Na ce masa sai baɗi. Na juya na tafi tarbar baƙi.

Bikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Komai ya tafi a kan lokaci, baƙi suka yaba, wani babba ya kama hannuna ya ce irinmu ake nema. Amma duk lokacin da na ɗaga kai daga jadawalin sai in ga Isiyaku a gefen gabas cikin farar rigarsa ta sallah, Ɗanlami a gefen yamma cikin shuɗiya, kowa da mutanensa a baya. Sun ji abin da ya faru da safe, amma ba su yarda ba, suna zaton za a shirya a dawo da tsohon. Suka tsaya har baƙi suka tashi, har aka fara kwashe kujeru. Na ga Ɗanlami ya dubi wajen Isiyaku sau ɗaya, kamar zai taka, sai wani cikin danginsa ya yi masa magana a kunne, ya juya ya tafi. A gida Isiyaku ya cire rigar ya jefa kan igiya, ya tambaye ni me ya faru. Na ce lokaci ne ya ƙure.

Na ce zan zaunar da su, ban zaunar ba. Kullum sai in ce gobe, ina ta zirga-zirga tsakanin Karaye da Kano a kan maganar rawani. Gari kuwa ya samu abin taunawa. Aka ce gidan sarauta ne ya kori alƙali don an san Isiyaku ba shi da gaskiya. Dangin Ɗanlami suka ce ai ga shi nan, an nuna musu ƙarfi. Isiyaku da bai san hawa ba bai san sauka ba ya zama wanda ake nunawa da baki a masallaci. Dawar nan tana tsaye, tsuntsaye na ci. Bayan mako uku aka yi shelar cewa jibi za a saki dabbobi su shiga gonaki, duk mai sauran amfani ya kwashe. Washegari da safe Ɗanlami ya ɗauki magirbi ya tafi ya fara sare kunyoyin. Wata mata da ta dawo daga itace ta faɗa a ƙofar gidanmu. Ni ina tasha ina jiran motar Kano. Isiyaku ya fita ba ko hula.

Abin da aka yi a gonar, waɗanda suka hango daga nesa sun ce bai kai a sha ruwa ba. An ɗaga murya, an kama magirbin ana ja, ya dawo hannun Isiyaku, ya kai duka ɗaya da ƙotar. A bayan kunne ta samu Ɗanlami. Isiyaku da kansa ya ɗauko shi a baya ya kawo bakin titi yana ihu a taimaka, jini na bin farar singiletinsa. Motar da nake jira ita aka tsayar aka sa shi a ciki, na zauna na riƙe kansa a cinyata. Bai yi magana ba. Kafin mu kai rabin hanya ya cika. Ya bar mata da 'ya'ya biyar, ƙaramarsu ba ta fara tafiya ba.

Sauran kun san shi. 'Yan sanda suka tafi da Isiyaku, bai musa komai ba, kotu ta ɗaure shi shekaru masu yawa. Iyalin Ɗanlami suka toshe ƙofar da ke tsakanin gidajenmu da bulo, bayan shekara suka tashi suka koma Rogo. Rawanin da na yi abin dominsa ya wuce ta kaina ya sauka kan ɗan baffanmu, ba wanda ya ma ambaci sunana. Inna ba ta taɓa ce mini ga abin da ta faɗa ba. Ta dai daina aiko mini da fura da rana kamar yadda ta saba, kuma har ta rasu in na shiga gaishe ta amsawa kawai take yi. Da kaka ta zagayo na sake kafa rumfuna, na ce a yi don a nuna gari bai mutu ba. Makaɗa uku suka zo. Wani mai kalangu daga Karaye ya aiko mini da saƙo cewa filin da ake cire turke ba fili ba ne, ofis ne, shi kuwa ba ya kiɗa a ofis. Shekara ta biyu ba wanda ya zo. Yanzu masara ake nomawa a wurin.

Sai bayan shekara huɗu na iya zuwa wurin Baba Tanko, da na ji ba shi da lafiya. Na hau babur na tsallaka ƙasar Zazzau, na same shi a zaure kwance kan tabarmar da ya saƙa da hannunsa, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da iyali da Isiyaku da ke ɗaure, duk cikin ladabi, bai ce mini bawansa ba ko sau ɗaya. Na ce na zo neman gafara. Ya ce shi ba a yi masa komai ba, icce ne aka cire daga ƙasa. Sai ya ce akwai abin da ya daɗe yana so ya sauke.

"Ka san ba aike suka yi ba? Da ƙafarsu suka kawo mini dawar nan, kowa a ɓoye. Ɗanlami ne ya fara zuwa ranar kasuwa. Ya ce, Baba, ka yanke a kaina. Na bar wa Isiyaku kunyoyin, amma a fage nake so ka ƙwace su daga hannuna, kada a ce tsoro na ji. Bayan kwana shida sai ga ƙanenka. Ya ce, Baba, ka ba Ɗanlami, ni ba dawa ce ta dame ni ba, ka dai zage mu sosai yadda ba wanda zai ce na amsa laifi."

Na ce, "Ba ka gaya musu ba?"

"Alƙali ba ya kai maganar wani wurin wani, in ya yi haka wa zai sake kawo masa dawa? Na yi niyyar in gaya maka a filin, ka juya mini baya. Daga baya na ce bari ƙura ta lafa in zo da kaina. Ban san za a yi shelar dabbobi da wuri ba. Wannan nawa ne, da shi zan tafi." Ya yi tari, ya goge baki. "Na ma shirya hukuncin. Cewa zan yi tun da Kanawa biyu sun rasa yadda za su yi da dami ɗaya, a daka a yi fura, su sha da ludayi guda, su sake dasa gambar tare. Da ba a yi rabin awa ba an gama."

Na yi masa sallama na dawo gida. Tun daga ranar nake tambayar kaina inda Ɗanlami ya yi niyyar kai dawar nan da ya sare. Wataƙila rumbunsa, wataƙila ƙofar gidanmu. Ba wanda ya sani, kuma ba wanda zai sani.

Na yi alkawari a raina zan gaya wa Isiyaku komai. Ranar ziyara ta gaba na shiga mota na tafi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu. Tari ya riga ya kama shi a lokacin, wuyansa ya zama siriri, gashin kansa ya yi fari fat, shi da na girme shi da shekara tara. Ya tambayi kowannenku da suna, ya tambayi wadda aka yaye da wanda ya shiga sakandare. Ya tambayi 'ya'yan Ɗanlami, na ce suna Rogo lafiya. Ya daɗe yana kallon hannayensa. Maganar tana bakina, na jera ta tun daga gida. Sai ya riga ni.

"Yaya, akwai abin da nake ta juyawa a nan. Mutum ba shi da aiki sai tunani. Ranar nan ta kalankuwa, da an zauna, da yanzu ina gida. Na ce bari in tambaye ka, don kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Da gaske lokaci ne ya ƙure?"

Mai gadi yana tsaye a bakin ƙofa, ba ya ko kallonmu. Ba baƙi, ba lasifika, ba rawanin da zan rasa. Ƙanena ne kawai a gabana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana jiran amsa.

Na ce, "Da gaske ne. Lokaci ne ya ƙure."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "To, Allah ya ƙaddara. Na ji daɗi da ba da gangan ba ne." Ya karɓi ƙullin garin ya yi mini godiya, ya ce in gai da Inna.

Da damina ta tsaya aka aiko mu je mu ɗauki gawarsa. Ni na yi masa wanka.